Ƙanena ya samu Kadpoly, a wace unguwa za mu kama masa ɗaki?

Yayan Ɗalibi: Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya samu gurbin ND, wato ƙaramar difloma, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna (Kadpoly). Mu mutanen Gusau ne, ba mu san garin ba. Wani ya ce mu nemi ɗaki a Tudun Wada, wani ya ce Barnawa. Waɗanda suka yi karatu a can, don Allah ku ba mu labarin yadda kuka yi.

'Yar Barnawa: Wa alaikumus salam. Malam, ka fara duba takardarsa ka ga sashen da aka ba shi, don makarantar ba a wuri ɗaya take ba. Injiniyanci da kimiyya suna Tudun Wada, can ne hedikwata. Akanta da harkar kasuwanci suna Unguwar Rimi. Mu masu zanen gine-gine da safiyo muna Barnawa, masu karatun mulki kuma suna kan titin Bypass. Ni gidan gwaggona na zauna a Unguwar Sanusi, kullum sai na tsallake kogi. Ranar da za a miƙa zane ga katon allo a hannu, ga cunkoso a kan gada, mai keke kuma ya ce sai na biya kuɗin mutum biyu. A shekara ta biyu na koma Barnawa da ƙawayena, na samu sauƙi.

Dattijon Kakuri: Ɗana, barka da arziki. A zamaninmu ba a wannan tambayar sosai, don jiharka ce ke turo ka, da ɗan alawus ɗinka. Makarantar ta girmi yawancinku: a 1956 aka buɗe ta a matsayin cibiyar koyon sana'o'in fasaha, a 1968 ta ɗauki sunan da take da shi yanzu. Da Gowon ya raba Arewa jihohi shida a 1967, sai ta zama kayan gado na jihohin gaba ɗaya, har 1991 da gwamnatin tarayya ta karɓe ta. Shi ya sa a ɗakinmu akwai Babarbare, akwai Tibi, akwai Banufe, akwai ɗan Ilori. Ni fasahar masaƙa na karanta. Lokacin Kakuri na Kakuri, ga masaƙar KTL da aka buɗe tun 1957, ga masaƙar UNTL, ga kamfanin haɗa motoci na Peugeot. Tun kana aikin koyon sana'a ake sa maka ido, kana gamawa aiki na jiranka. Yau in na bi ta gaban masaƙun nan a rufe, sai dai in yi salati in wuce.

Yayan Ɗalibi: Allah ya ƙara girma, Baba. Na duba, injiniyan inji ne.

Ɗan Panteka: To magana ta ƙare, Tudun Wada ne. Ku nemi ɗaki nan kusa, ko Tudun Nupawa, inda zai taka da ƙafa. Kuma ka ce masa kada ya raina tsohuwar Panteka, kasuwar masu walda da ƙere-ƙere, tana nan dab da makarantar. Injin niƙan da muka haɗa na kammala ND, a aji muka yi lissafinsa, amma wani mai walda a Panteka ne ya kalli zanen ya ce ƙarfen da muka zaɓa ba zai ɗauki girgiza ba. Bai yi boko ba, kuma gaskiyarsa ce. Daga baya ma, zamanin Farfesa Idris Bugaje yana shugaban makarantar, an ƙulla alaƙa da masu sana'ar kasuwar don su samu takardar shaidar ƙwarewa.

Maman Biyu: Ni Unguwar Rimi na yi, akanta. Haya a wajen akwai tsada, unguwar manya ce, don haka da yawanmu daga wasu unguwanni muke zuwa. Abin da zan ƙara shi ne kada ku biya hayar dogon lokaci. ND shekara biyu ce, sannan shekara guda ta aikin gwaji kafin ya dawo HND, wato babbar difloma, kuma wannan shekarar ba lallai a Kaduna zai yi ta ba. Ni a Kano na yi tawa.

Ɗan Panteka: Hajiya ta faɗi gaskiya. Ko wata huɗun SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, na ƙarshen shekarar farko wasu gida suke komawa su yi.

Dattijon Kakuri: Sai dai ku sani, a wata ma'aikata da na yi aiki daga baya, yaron da na koya wa aiki ya wuce ni a matsayi don shi digiri gare shi, ni HND. In yaron yana da niyyar aikin gwamnati, ku fara wannan shawarar tun yanzu.

Yayan Ɗalibi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar za mu shigo in sha Allahu. Malam Ɗan Panteka, in mun sauka a tashar Kawo, wace mota za mu hau?

Ɗan Panteka: Ku hau ta Kasuwa, daga nan ku ɗauki keke, ku ce Poly Tudun Wada. Ku zo da wuri, dillalan ɗaki sun fi samuwa da safe.