Ina rabin awar agogon Indiya ta fito?

Yayar_Ɗalibi: Jama'a, don Allah a warware min. Ƙanena yana karatu a Indiya. Jiya na kira shi, agogona na kan ƙarfe uku cif, nasa kuwa yana kan ƙarfe kaza da rabi. Har gardama muka yi. Ashe bambancin lokaci ba awa-awa yake tafiya ba?

Malamin_Taswira: Hajiya, agogonsa lafiya lau. Duniya na juya digiri 360 cikin awa 24, wato digiri 15 kowace awa. A taron Washington na 1884 aka amince a fara ƙirge daga Greenwich da ke Landan. Sai dai kowace gwamnati ita ke zaɓar nata lokacin. Indiya ta ɗauki layin digiri 82.5 gabas, wanda ya ratsa tsakiyarta, shi ya ba da awa biyar da rabi gaban GMT, wato agogon Greenwich. Nepal ma awa biyar da minti 45 ce.

Matafiyi: Ni Sin ce ta fi ɗaure min kai. Duk faɗinta, agogon Beijing kaɗai ake bi a hukumance. A birnin Kashgar da ke can yammacin ƙasar, lokacin sanyi, sai wajen goma na safe rana ke fitowa.

Yayar_Ɗalibi: Na gode, Malam. Bari in kira shi in ba shi haƙuri.