Lise Amadu Kuran Daga: tarihin sunan da matsayin wasanni

Uban ɗalibi, Zango: Assalamu alaikum. Ɗana ya ci birbe, wato jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, bana, kuma an tura shi Lise Amadu Kuran Daga, babbar makarantar sakandare ta nan Zinder. Ina roƙon dattawan wannan zaure su ba ni tarihin mai sunan, sannan su faɗa mini ko yaron da gudu ya shiga ransa zai iya haɗa shi da karatu, domin mahaifiyarsa tana ganin ɓata lokaci ne.

Tsohon ɗalibi, Birni: Wa'alaikumus salam, Alhaji, Allah ya sanya albarka. Mai sunan shi ne Sarkin Damagaram Amadu ɗan Tanimun, wanda ya hau gadon sarauta a 1893. A zamaninsa aka kashe kyaftin Cazemajou na Faransa a nan garin a 1898, kuma shekara ta zagayo Faransawa suka dawo da bindigogi aka gwabza a Tirmini, wani ƙauye kusa da Zinder, Zinder ta faɗa hannunsu, shi ma Sarki Amadu aka kashe shi a 1899. Abin da yake ba ni mamaki har gobe shi ne yadda yara suke koyon Faransanci shekara uku a ƙarƙashin sunan mutumin da ya ƙi miƙa wuya ga masu harshen, amma da yawansu ba su taɓa taka Tirmini ba.

Malamin wasanni mai ritaya: Alhaji, a gaya wa Hajiya ta kwantar da hankalinta, domin motsa jiki darasi ne da ake ba da maki a kansa, kuma yana cikin jarrabawar bak ta kammala lise. Da sassafe muke fitar da yara kafin rana ta yi zafi, mu ja layi da toka a kan rairayi, in riƙe usur da agogo, wasu da takalmi wasu ƙafa tsirara, kuma sau da yawa marasa takalmin ne suke riga kowa isa. Mu mutanen kokawa ne, tun 1975 ake gasar kokawa ta ƙasa, wadda ake ba zakaranta takobi, saboda haka ƙarfi ba baƙonmu ba ne. Abin da yake ƙaranci shi ne mai bibiyar yaro bayan an tashi daga makaranta.

Uban ɗalibi, Zango: Na gode, Malam. Da azumi fa, yaya ake yi da atisaye?

Malamin wasanni mai ritaya: Ya rage shi sosai, ya mayar da shi bayan shan ruwa, kuma kada ya yarda ya yi gudu da tsakar rana.