Kiran mkdir daga cikin manhaja: ina yake yawan ba ku matsala?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu rubuta C a kan Linux, mu haɗa abin da kowa ya gani game da mkdir, wato kiran da manhaja ke yi wa kanel (zuciyar tsarin Linux) don ƙirƙirar folda, ba umarnin da ake bugawa a taminal ba. Yana cikin sys/stat.h, ana ba shi hanya da izini. Idan ya yi, ya dawo da 0. Idan ya ƙi, ya dawo da -1 ya bar dalilin a errno, inda ake ajiye lambar kuskure. Folda ɗaya tak yake ƙirƙira, in babu uwar foldar, wato wadda za a ƙirƙira ta a ciki, sai errno ya zama ENOENT.

Mai kula da saba: Wa alaikumus salam. Abin da na fi gani wajen masu koyo shi ne rubuta 777 maimakon 0777. A C, sifilin gaban nan ne ke nuna ƙirgen takwas-takwas. In babu shi, lambar ta zama 01411, sai ls -ld ya nuna dr----x--t, mai foldar ma ba ya iya shiga. Ko an rubuta daidai, umask, wato saitin da ke cire wasu izini daga sababbin fayiloli da foldoji, zai rage: da 022, 0777 zai fito 0755. In ana son wani izini takamaimai, a biyo da chmod. Filashin FAT da exFAT kuwa ba sa ajiye izinin nan sam.

Malama mai koyar da C: Malam ya yi gaskiya, amma wanda ya fi damuna shi ne a fara duba foldar da stat, in babu sannan a kira mkdir. Tsakanin dubawar da ƙirƙirar, wata manhaja na iya riga ka. A kwamfutar gwaji ba za a taɓa gani ba, sai an ɗora a saba ayyuka suna gudana tare. Kanel ya riga ya ɗauke mana wannan: ko manhaja goma suka kira a lokaci guda, ɗaya ce za ta samu 0, sauran EEXIST, wato akwai abu mai wannan sunan. Don haka a kira kawai, a karanta errno. Sai dai EEXIST ba ya nufin folda ce a wurin. Yana iya zama fayil, ko mahaɗin symlink (sunan da ke nuni zuwa wani fayil ko folda), ko da abin da yake nunawa ya ɓace. Nan ne wurin stat da S_ISDIR, mai nuna ko folda ce, bayan kiran. Haka kuma a cikin /tmp kada a ƙago suna da ka. Mkdtemp zai zaɓi suna ya ƙirƙira da 0700.

Mai kula da saba: Haka ne Malama. Akwai kuma ENOSPC, wato babu fili: wani lokaci df -h na nuna akwai fili, alhali inode, guraben da ke riƙe bayanan kowane fayil da folda, ne suka ƙare. A duba df -i. EACCES kuma yana nufin ba ka da izinin rubutu a uwar foldar, ko na wucewa a ɗaya daga foldojin da ke hanyar.

Ɗan Windows: A ɓangarenmu _mkdir hanya kawai yake karɓa, babu izini. Da CreateDirectoryW kuwa dalilin na GetLastError: 183 akwai shi, 3 babu uwar foldar. Sunaye irin su CON da NUL ba sa karɓuwa.

Mai ƙananan na'urori: Abubuwa uku. A ARM mai bit 64, strace, mai nuna kiraye-kirayen da manhaja ke yi wa kanel, ba zai nuna mkdir ba, mkdirat da AT_FDCWD za ka gani, domin tsohon kiran babu shi a can. Iyakar suna a tsarin fayil na ext4 bait 255 ce, ba haruffa ba, kuma ƙ, ɗ da ɓ kowanne bait 2 yake ci a UTF-8. Na uku, 0 ɗin da mkdir ya dawo da shi bai tabbatar foldar ta sauka a faifai ba. Inda ake yawan ɗauke wuta, a buɗe uwar foldar da open, a kira fsync a kanta don tilasta rubutawa a faifai, sannan a sanar cewa an ajiye.