Wace kalmar Hausa za mu ba "contact tracing"?

Mai fassara:
Salamu alaikum. Ana neman kalmar da za ta zauna a takardun horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko. Uku ne ke yawo a kafafen labarai: bin sawu, bin diddigi, da bibiya. Wacce ta fi ɗaukar aikin?

Jami'in sa ido kan cututtuka:
Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da aikin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa shi uku: a gano waɗanda suka haɗu da majinyaci, a rubuta su a jeri da adireshi da ranar haɗuwa ta ƙarshe, sannan a riƙa duba su kullum har wa'adi ya cika. Kwana 21 ne a Ebola, 14 a korona a farkon annobar, kuma daga ranar haɗuwa ta ƙarshe ake ƙirgawa, ba ranar da aka rubuta sunan mutum ba. Nan sababbin ma'aikata suka fi tuntuɓe. Bin sawu mataki na farko kaɗai ya ɗauka, alhali nauyin yana a na uku. A ɓarkewar Ebola a Najeriya a 2014 mutum kusan 900 aka rubuta, amma ziyarar da aka kai musu ta haura 18,000.

Malamar jinya:
Ga wata illa kuma, Yallaɓai. Ɓarawo ake bin sawunsa, wanda ake tuhuma ake bin diddiginsa. Mutum ya ji haka a bakin ma'aikaci, sai ya kashe waya, ya ba da adireshin ƙarya, ya ɓoye sunan matar da ta wanke kayan majinyacin, wadda ita ce ta fi kowa shiga haɗari. Bibiya kuwa wanda aka damu da shi ake yi wa. Ma'aikaciya ta tsaya a bakin ƙofa ba ta taɓa kowa ba, ta karanta ma'aunin zafi, in ya kai digiri 38 ta kira motar asibiti, in bai kai ba ta cike gurbin ranar ta ce sai gobe. Wannan bibiya ce.

Mai fassara:
Na karɓa, Malama. To bibiyar me? Mu'amala?

Malamar jinya:
Mu'amala ta yi faɗi, har wanda kuka yi ciniki ta waya ya shiga. Cuɗanya ta fi. A Ebola taɓa jini, amai, shimfiɗa ko gawa ake nufi. A korona zama ne tsakanin mita 1 sama da minti 15, tun daga kwana 2 kafin alamu su bayyana. Cuɗanya ta ɗauki duka, tunda ko zaman taro cuɗanya muke ce masa.

Jami'in sa ido kan cututtuka:
A bar wa kalmar ƙofa, don aikin yana sauyawa. Da masu korona suka fi ƙarfin ma'aikata, wurare da dama sun koma kiran waya, suka fifita 'yan gida ɗaya da gidajen tsofaffi. Japan kuma ta ba da ƙarfi ga komawa baya, a nemo taron da majinyaci ya ɗauko cutar. Wannan a kira shi bibiyar tushe.

Mai fassara:
Madalla. Zan sa bibiyar cuɗanya, mai bibiya, mai cuɗanya, da bibiyar tushe. Saura wanda aka nema kwana biyu ba a same shi ba, me za mu kira shi a fom?