Zoben hayaƙin da na gani kusa da tauraron Bega, shin mutuwar tauraro ce?

Mai Duban Sama:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na saita ƙaramin madubin hangen nesa a kan abin da ake kira M57, wanda yake tsakanin taurari biyu a rukunin Laira, kusa da tauraron nan mai haske sosai, Bega. Abin da na gani ɗan zobe ne toka-toka kamar hayaƙi, ba shi da ja ko kore ko shuɗin da nake gani a hotuna. An ce mini wannan shi ne nebula mai siffar duniya, wato wani hazon iska a sararin samaniya, kuma wai tauraro ne yake mutuwa. To, idan tauraro ne, me ya kawo maganar duniya cikin sunan? Fashewa ya yi? Kuma ina launukan suka shiga, ko madubin nawa ne ba shi da kyau?

Ɗalibin Falaki:

Wa alaikumus salam, Malam. Madubinka lafiyarsa lau, kuma ka ga abin da ya kamata ka gani. Sunan kuwa tsohon kuskure ne da ya zauna. Charles Messier ya ga irin wannan hazo na farko, wato M27, a shekarar 1764, aka gano zoben da ka gani a 1779. William Herschel, wanda ya gano duniyar Yuranus a 1781, ya lura cewa waɗannan abubuwa suna bayyana a madubinsa kamar ƙananan faya-fayai masu ɗan kore, tamkar yadda Yuranus take bayyana, sai ya kira su da sunan duniyoyi. Ba su da wata alaƙa da duniyoyi, amma sunan ya bi su har yau.

Game da fashewa, a'a, ba fashewa ba ce. Tauraron da nauyinsa bai wuce ninki takwas na nauyin rana ba yana shafe yawancin rayuwarsa yana mayar da haidirojin zuwa hiliyom a cikin cibiyarsa. Idan haidirojin ɗin cibiyar ya ƙare, sai tauraron ya kumbura ya yi ja, ya zama abin da ake kira jan ƙato, daga baya ya koma ƙona hiliyom yana samar da kabon da oksijin. A ƙarshen wannan mataki jikinsa na waje ya yi nisa ƙwarai da cibiya, jan da nauyinsa yake yi masa ya yi rauni, don haka sai ya riƙa zubar da shi cikin sarari sannu a hankali, har cibiyar ta fito fili tsirara. Wannan cibiya tana da zafi matuƙa. Da zarar zafin fuskarta ya kai kimanin digiri 30,000, sai ta fara fitar da haske mai ƙarfi wanda ido ba ya gani, shi kuma ya bugi iskar da tauraron ya zubar ya sa ta haskaka. Zoben da ka gani ke nan: tufar da tauraro ya tuɓe, ragowarsa kuma tana haska ta daga tsakiya.

Iskar tana ci gaba da bazuwa da gudun kilomita 20 zuwa 30 a daƙiƙa, saboda haka bayan shekaru dubu goma zuwa ashirin sai ta yi siriri ta ɓace. Idan aka gwada da tauraron da ya rayu shekaru biliyoyi, wannan ƙiftawar ido ce, shi ya sa waɗanda aka sani a taron taurarinmu ba su wuce 'yan dubbai ba. Cibiyar kuma ta zama farin wada, girmanta kamar na duniyarmu, tana hucewa a hankali.

Malama Mai Lissafi:

Ɗalibin Falaki ya yi bayani mai gamsarwa, bari in ɗauki maganar launi. A cikin ido akwai ƙwayoyi iri biyu: masu gane launi, waɗanda sai da wadataccen haske suke aiki, da masu gani cikin duhu, waɗanda ba su san launi ba. Hasken M57 kaɗan ne, don haka kashi na biyu ne kawai suke kama shi. Kyamara kuwa tana iya buɗe idonta minti da yawa tana tara haske, abin da idon mutum ba ya iyawa. Idan ka sake dubawa, Malam, ka zauna cikin duhu kamar minti ashirin tukuna, sannan kada ka kalli zoben kai tsaye, ka ɗan karkatar da ido gefe. Za ka ga ya ƙara fitowa.

Launukan ba ƙirƙira ba ne, ko da yake masu sarrafa hoto kan ƙara musu ƙarfi ko su sauya su. Ja yana zuwa ne daga haidirojin da naitirojin, kore-shuɗin kuma daga oksijin, kuma labarin wannan koren yana burge ni. A 1864 William Huggins ya rarrabe hasken wani hazo da ake kira Idon Kyanwa, sai ya ga 'yan layukan haske kaɗan maimakon bakan gizo cikakke irin na taurari, abin da ya tabbatar da cewa iska ce mai haskakawa. Layin koren bai dace da na kowane sinadari da aka sani ba, har aka zaci sabon sinadari ne aka raɗa masa suna nebuliyom. Sai a 1927 Ira Bowen ya nuna cewa oksijin ne da ya rasa ilektaron biyu, yana fitar da wannan haske ne kawai inda iska ta yi siririn da ba a iya samarwa a ɗakin gwaji a lokacin.

Tsohon Malamin Kimiyya:

Ƙari kaɗan, don kada a haɗa abubuwa uku. Abin da mutane suke kira faɗuwar tauraro ba tauraro ba ne, ɗan tsakuwa ne yake ƙonewa a iskar duniya. Manyan taurari kuma, masu nauyin da ya haura ninki takwas na rana, su ne suke fashewa da gaske, kamar wanda masanan Sin suka rubuta ganinsa a 1054, wanda ya bar Hazon Ƙaguwa. Jan tauraron nan Betaljus yana kan wannan hanya, ba hanyar M57 ba.

Haka nan, hazo irin na M57 ba duka ne suke zobe ba. Masu zagaye sosai su ne marasa yawa. Wasu kamar fukafukan malam-buɗe-littafi suke. Masana da dama suna ganin tauraro na biyu da yake kewaya mai mutuwar shi ne yake juya iskar ya ba ta siffa. Hoton Zoben Kudu da madubin James Webb ya fitar a watan Yuli na 2022 ya nuna taurari biyu a tsakiyarsa, kuma maras hasken cikinsu shi ne ya zubar da iskar.

Mai Duban Sama:

Na gode ƙwarai, malamaina, Allah ya ƙara ilimi. Ke nan ita ma rana haka za ta ƙare? Kuma wanne zan nema bayan M57?

Ɗalibin Falaki:

Hanyar da rana za ta bi ke nan, nan da kimanin shekaru biliyan 5 za ta fara kumbura, ta ƙare a farin wada. Nemi M27 tukuna, domin ya fi M57 girma da haske, har madubin hannu mai ido biyu yana nuna shi idan sama ta yi duhu. Bayansa ka gwada hazon Heliks, wanda nisansa ya kai kimanin shekarun haske 650, wato tafiyar da haske yake yi cikin shekaru 650. Faɗinsa ya kusa rabin faɗin cikakken wata, amma haskensa a baje yake, don haka ka jira daren da babu farin wata.