"Matambayi ba ya ɓata": har da babba idan ya tambayi yaro?

Uwar Samari: Assalamu alaikum. Tun muna yara ake faɗa mana "matambayi ba ya ɓata", kullum kuma ƙaramin ake nufi, ya je ya tambayi na gaba. Jiya sai na ga karin maganar ta juyo kaina. Ɗana mai shekara 15 ya yi kusan wata guda daga "lafiya lau" sai "ba komai". Na bar "yaya makaranta?", na ce masa, "A ajinku wa kake ganin ba a kyauta masa?" Ya kife wayarsa a kan cinya, ya yi jim, sannan ya fara ba ni labarin wani yaro da ake yi wa dariya saboda in'ina. Can tsakiyar labarin na gane shi ma yana cikin masu dariyar, kuma abin yana cin ransa. Ashe ba ni ce matambayin ba?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin yi dabara, amma karin maganar ta matafiyi ce wanda bai san hanya ba. Uwa ta san hanya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Tsorona kada yawan "me kake gani?" ya sa yaro ya ɗauka shi da iyayensa sa'o'in juna ne.

Uwar Samari: Malam, hanyar rayuwa na sani, hanyar zuciyarsa ce ban sani ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Annabi Ibrahim, alaihis salam, da umarnin Allah a hannunsa, sai da ya ce wa ɗansa ya duba me yake gani, a Suratus Saffat, aya ta 102. Girmansa bai ragu ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ɗan Auta: Baba, Mama, ku yi haƙuri in sa baki. Mu ba tambaya muke gudu ba, titsiye muke gudu. "Ina ka je? Da wa? Me ya sa?" a jere, alhali an riga an yanke hukunci. Muna ganewa tun daga murya. Wani lokacin ma kana haɗa amsa a ranka, mai tambayar ya amsa wa kansa ya wuce zuwa faɗa.

Malamar Kimiyya: Wannan na ƙarshen an auna shi. Wata mai bincike a Amurka, Mary Budd Rowe, ta bayyana a 1972 cewa malamai kan jira amsa kusan daƙiƙa 1 kawai. Da aka ja jiran ya kai daƙiƙa 3, amsoshin ɗalibai suka ƙara tsawo, waɗanda ba sa magana ma suka fara ɗaga hannu. Na gwada a ajina. Shirun nan ya fi yi wa malami nauyi fiye da ɗalibi.

Tsohon Malami: Ɗana, maganarka ta shige ni. Na tuna hadisin Bukhari: Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba, mai kama da Musulmi. Abdullahi ɗan Umar ya san dabino ce, amma ya ji nauyin manya ya yi shiru. Daga baya mahaifinsa ya ce da ya faɗa, da ya fi masa daɗi. Yara nawa na koyar da amsa a bakinsu ban jira ba? Duk da haka, Hajiya, ni "tambaya mabuɗin ilimi" zan ɗora wa labarinki, domin ba ɓata kika yi ba, ƙofa kika tarar a kulle.

Uwar Samari: Na karɓa, Malam. Ɗan Auta, in kai ne ɗana, me za ka so in tambaye ka yau game da yaron nan mai in'ina?

Ɗan Auta: Kada ki ce "me ya sa ka yi dariya?", Mama. Ki ce masa, "Da wa yaron yake zama lokacin tara?"