Antiferomagnet da Hausa: ni dai na tsaya a kan "hannun riga"

1/ Jama'a, a taya ni. Ina rubuta bayani kan batirin litiyam na sola, irin wanda ake rubuta LiFePO4 a jikinsa (sunan sinadarin da ke cikinsa ke nan, mai ɗauke da litiyam da ƙarfe da oksijin da sauransu), sai kalmar antiferomagnet ta tare ni. Maganaɗisu dai kowa ya san shi. To wannan nau'in nasa fa, me za mu ce masa?

2/ Kowace ƙwayar zarra ta ƙarfe a cikin sinadarin nan tamkar ɗan mitsitsin maganaɗisu ce mai kai da gindi. A zafin da muke rayuwa cikinsa, kowacce inda ta ga dama take fuskanta. Amma in aka sanyaya shi ya kai wajen digiri 223 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, sai su daidaita: wannan ta dubi gabas, maƙwabciyarta ta dubi yamma, haka har ƙarshe. Ƙarfin wannan ya cinye na waccan, daga waje ba ka ganin komai. Bafaranshen nan Louis Néel, wanda ya samu kyautar Nobel a 1970, shi ya bayyana wannan tsari, kuma sunansa aka sa wa matakin sanyin da abin ke farawa.

3/ Wani ya ce "kishiyar maganaɗisu". Ban karɓa ba, don mai karatu zai ɗauka wani abu ne da ke korar ƙarfe. "Marar maganaɗisu" kuwa ƙarya ce, akwai shi a ciki. Wanda ya kawo "zaman doya da manja", Allah ya saka, na yi dariya.

4/ Tawa shawarar: maganaɗisun hannun riga. Ɗaya dama, ɗaya hagu, kuma tsawonsu ɗaya.

5/ Wani malamina ya ja ni a nan. Ya ce in Bahaushe ya ce mutum biyu sun yi hannun riga, rabuwa yake nufi, alhali waɗannan ƙwayoyi a ɗaure suke da juna. Gaskiya ne, Malam, amma a gafarce ni: ai hannuwan nan biyu a jikin riga ɗaya aka ɗinka su. Jikin rigar a nan shi ne ƙwayar oksijin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, ta hanyarta suke saɓa wa juna. Abin sha'awa, John Goodenough, wanda shi da abokan aikinsa a Jami'ar Texas suka fito da LiFePO4 a matsayin kayan batiri a 1997, tun shekarun 1950 ya tsara ƙa'idojin wannan hulɗa ta hanyar oksijin.

6/ In an yi caji, litiyam ya fita, abin da ya rage FePO4 ne. Shi ma hannun riga yake yi, sai dai nasa yana farawa tun daga wajen digiri 148 ƙasa da sifili.

7/ Kada a ce ilimin banza ne. Tunda tsantsar garin sinadarin ba ya manne wa maganaɗisu, da zarar na'ura ta nuna jan da ya yi yawa, an san akwai gurɓata, kamar ɓurɓushin ƙarfe, wanda kan iya lalata batiri. Kar dai wani ya gwada da gwangwanin batirinsa ya zo ya ƙaryata ni, wasu da ƙarfe ake yin su.

8/ Feromagnet, inda duk suke fuskantar wuri guda, na sa masa "maganaɗisun sahu". Saura paramagnet, inda kowacce ke fuskantar inda ta ga dama. "Barkatai" ko "kowa tasa"? Ina saurare.